Excel, PMB ko Koha: da wanne za a yi fihirisar littattafan gidan tarihi?

Bara kwamitin wani ƙaramin gidan tarihi da ke jikin wata fada a nan arewacin Kamaru ya aiko mini, wai an ba su kwamfuta kyauta, suna so a zuba littattafansu a ciki. Da aka buɗe mini ɗakin sai na tarar da kabad uku na ƙarfe, da akwatunan kwano, da kwalaye jibge a ƙasa, gara ta riga ta fara lasar gindin wasu. A ciki akwai rahotannin bincike na Faransanci, da littattafan Larabci bugun Alƙahira da Bairut da Kano, da 'yan ƙananan littattafan koyon karatu na Fulatanci da Hausa, da wasu tsofaffi na Jamusanci masu haruffa kamar ƙaya, sai kuma gafaka-gafaka cike da rubutun hannu. Shugaban kwamitin ya dube ni ya ce, "Malam, wace manhaja za mu sa?" Tun daga ranar an sake yi mini wannan tambayar daga Marwa, daga Ngaundare, har da wani ɗan'uwa da ke aiki a Njamena. Shi ya sa na ga gara in zauna in jera hanyoyin nan uku da aka fi ambata wajen yin fihirisa, wato jerin bayanan littattafai da ake nema a ciki: jadawalin Excel da manhajojin laburare biyu, PMB da Koha, in faɗi inda kowace ke da ƙarfi da inda take gurgunta.

Kafin a kai ga sunan wata manhaja, akwai gwajin da ba ya cin ko dala. A ɗebo littafi 100 daga wurare dabam-dabam na ɗakin, ba tare da zaɓe ba, a kasa su kashi huɗu a kan tabarma. Kashi na farko masu lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, a bayan bango ko a shafin farko. Na biyu bugun Turai da ba su da lambar, domin ISBN sai wajen 1970 ta fara aiki, kuma tana da alƙaluma 10 ne kafin a mayar da ita 13 a 2007. Na uku bugun kasuwa, irin littattafan fiƙihu da ƙasidu da ake sayarwa a bakin masallaci, da ƙasidun jami'a da aka buga da tafireta. Na huɗu rubutun hannu. Dalilin wannan kasawa shi ne babban abin da ake tallata PMB da Koha da shi: suna iya jawo bayanin littafi cikakke daga manyan laburare ta wata hanya da ake kira Z39.50, daga Laburaren Ƙasa na Faransa, ko rumbun Sudoc na jami'o'in Faransa, ko Laburaren Majalisar Amurka. Kashi na farko da ISBN ake jawo shi cikin daƙiƙa kaɗan. Kashi na biyu da sunan littafi ko na marubuci ake samun galibinsa. Na uku da na huɗu kuwa, kowace manhaja ka ɗauka, da yatsunka za ka rubuta su. A ɗakin da na ambata, tulin na uku da na huɗu sun rinjayi sauran nesa ba kusa ba, kuma wannan kaɗai ya sauya lissafin. In mutum ɗaya yana iya rubuta littafi 20 a yini, littafi 1,500 za su ci masa kwanakin aiki 75, ko da wace manhaja yake zaune.

Rajistar takarda ba ta cikin takarar, domin ita dole ce ko wanne aka zaɓa. Babban littafi mai ɗinkakken bango, shafuka masu lamba, a rubuta da biro mara gogewa: lambar shiga, ranar shiga, suna, marubuci, daga hannun wa ya zo, saye ne ko kyauta ko aro. Na taɓa ganin inda wani shiri na 'yan shekaru ya kafa manhaja mai kyau, aka koya wa wani matashi ɗan sa-kai, ya yi aiki tuƙuru. Da ya samu aikin albashi a wani gari ya tafi da kalmar sirri a kansa, bayan rani biyu kuma ƙura da zafi suka kashe kwamfutar. Abin da ya tsira shi ne tsohuwar rajistar da wani dattijo ya cika da hannunsa. Abin ya daɗe yana ci mini rai, saboda wahalar yaron nan duk ta bi iska, kuma babu wanda ya yi mugunta a ciki.

To, hanya ta farko: jadawali, wato Excel ko takwaransa LibreOffice Calc da ake saukewa kyauta. Masana aikin laburare kan yi masa kallon raini, ni kuwa ba na raina shi. Duk ɗalibin da ya gama lise, wato sakandare, zai iya buɗe shi ya ci gaba daga inda wani ya tsaya. Ba ya neman intanet. Fayil ɗin ƙarami ne, ana tura shi ta WhatsApp, mai bincike ya buɗe a wayarsa tun kafin ya hau mota ya zo. Kana da ikon ƙara duk gurbin da gidan tarihi ke buƙata wanda laburaren makaranta bai damu da shi ba: wanda ya bayar, hatimin da ke ciki, rubutun da wani ya yi a gefe, halin da takarda ke ciki, da lambar kayan tarihin da littafin ya yi magana a kansa, misali sulke ko kakaki ko tukunyar mutanen Sao na dā da ke ɗakin nuni. Shirin ceto tsofaffin takardu na Laburaren Birtaniya, wanda ya fara a 2004, shi ma da jadawali yake sa masu aiki su jera abin da suka ɗauka hoto.

Amma jadawali yana da ramuka, kuma duk na ga an faɗa cikinsu. In ka jera layin tsaye guda bisa abacada ba ka haɗa da sauran ba, sunayen marubuta za su rabu da littattafansu, kuma in ka adana a haka ba mai iya mayar da su sai da rajista a hannu. In ba ka gaya masa cewa gurbin ISBN rubutu ne ba lissafi ba, zai mayar da lambar wani abu mai kama da 9,78E+12, ya kuma haɗiye sifirin farkon tsofaffin lambobi. Sai na uku, wanda ya fi shafarmu mu Hausawa da Fulani: in ka fitar da fayil a sigar CSV ba ka zaɓi UTF-8 ba, wato tsarin adana rubutu da ke ɗaukar haruffan kowane harshe, duk ƙ da ɗ da ɓ da Larabcin da ka sha wahalar bugawa za su koma alamar tambaya. LibreOffice yana ba ka zaɓin a fili lokacin adanawa, shi ya sa na fi son sa a wannan aikin. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. "Ƙasa" da "kasa" ba abu ɗaya ba ne a wurin mai nema.

Babban ramin kuwa sunaye ne, kuma a nan ne manhajar laburare ta gaske ke nuna fifikonta. Ɗauki Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Littafin Faransanci zai rubuta Ousmane dan Fodio, na Ingilishi Usman ko Uthman dan Fodio, na Larabci Usman bin Fudi, Bafillace kuma ya ce Usmanu ɓii Foduye. Mutum guda, fuska huɗu ko biyar. Garinmu Garwa a bakinmu, Garoua a takardun gwamnati, Garua a littattafan Jamusawa. Njamena Fort-Lamy ce har 1973, Kusuri kuma Fort-Foureau a takardun zamanin mulkin Faransa. Cibiyar binciken nan ta Faransa da ta wallafa ɗimbin rahotanni a kan tafkin Chadi da duwatsun Mandara ORSTOM ce har 1998, daga nan ta koma IRD. Ɗalibin da ya buga "N'Djamena" a jadawali ba zai ga ko ɗaya daga cikin abin da aka buga a kan birnin kafin 1973 ba, zai tashi ya tafi yana zaton babu. PMB da Koha suna da rumbu na dabam don sunaye: ka zaɓi siga guda ta zama tsayayya, ka rataya mata sauran, duk ta inda mai nema ya shigo a kai shi gida ɗaya. In kuma daga baya ka ga kuskure a sunan, wuri guda za ka gyara. A jadawali ana iya yin dabara, a buɗe shafi na biyu na sunayen da aka amince da su, a sa gurbin marubuci ya riƙa zaɓowa daga can, a kuma ƙara gurbin "wasu sunaye". Dabarar tana aiki muddin masu bugawa ɗaya ne ko biyu da ke zama ɗaki guda. Da zarar hannu ya yi yawa sai ta fara yoyo.

Hanya ta biyu PMB ce. A Faransa aka ƙirƙire ta, wani ma'aikacin laburare mai suna François Lemarchand ya fara ta a 2002, kuma kyauta ce. Da Faransanci take tunani tun asali, littattafan koyonta ma haka, wanda a Kamaru da Chadi ba ƙaramar fa'ida ba ce. Tana bin tsarin UNIMARC, wato ƙa'idar tsara bayanan littafi a kwamfuta, irin wanda ake samu daga rumbunan Faransa, saboda haka bayanan da aka jawo daga can suna zama daram. Abin da ya fi burge ni shi ne fuskar shigar da littafi: gurabe ne masu suna a sarari, sunan littafi, marubuci, maɗaba'a, shekara, ba a tsorata sabon shiga da lambobi. Ana iya girka ta a kwamfuta guda mai Windows tare da ƙunshin manhajojin tallafi irin XAMPP, ta yi aiki ba intanet, wasu kwamfutoci ko wayoyi da ke cikin gidan su shiga ta ƙaramin wayifai. Tana ba da damar ƙirƙiro gurabenka na kanka, kamar na wanda ya bayar da na lambar kayan tarihi, da liƙa hoto ko PDF a jikin bayanin littafi.

Inda ta yi fice ƙwarai shi ne mujallu. Laburaren gidan tarihi ba ya rasa tarin mujallun bincike, kuma abin da mai bincike ke nema ba mujallar ba ce dungurungum, maƙala guda ce mai shafi goma sha biyu a kan maƙeran Marwa ko masuntan Logon. PMB tana da tsari mai sauƙi na shigar da kowace fitowa da maƙalolin da ke cikinta ɗaya bayan ɗaya. A jadawali wannan aikin yana rikicewa da wuri. Rauninta kuwa biyu ne a ganina. Tana tafiya ne a kan wasu manhajoji biyu, PHP da MySQL, kuma kowane sabon bugu yana da irin PHP ɗin da yake so. Ranar sabuntawa in ba mai ido a kusa, ana iya wayar gari shafi fari fat. Sannan wajen ƙasashen da ke amfani da Faransanci ba kowa ya san ta ba. In burinku ku riƙa musayar bayanai da 'yan'uwa a Yola ko Maiduguri ko Kano, inda MARC 21, takwaran UNIMARC, ya fi yawa, sai an juya bayanan tukuna. Wanda kuma ya gaji tsohuwar PMB da wani ya girka shekarun baya, ya fara duba ko a UTF-8 aka kafa ta kafin ya buga Larabci ko harafi mai lanƙwasa ko guda.

Hanya ta uku Koha. An rubuta ta a 1999 a ƙasar Niyu Zilan don laburaren yankin Horowhenua, ta fara aiki a Janairun 2000, sunan kuma kalmar Mawori ce mai ma'anar kyauta. Ita ce babbar mota a cikin ukun. Masu amfani da ita suna ko'ina a duniya, an fassara fuskarta zuwa Faransanci da Larabci, sabon bugu yana fitowa sau biyu a shekara, a Mayu da Nuwamba. Tana karɓar MARC 21 ko UNIMARC, amma a ranar girkawa ake zaɓa, sauyawa daga baya kuma aiki ne ja. Ga masu Larabci da yawa tana da wani abu mai daraja: a MARC 21 akwai gurbi na 880 da ke ba ka damar rubuta sunan littafi da haruffansa na asali, a ɗaure shi da wanda aka rubuta da boko, mai karatu ya ga duka biyun. Sai dai neman kalma da Larabci ba ya tafiya daidai sai an daidaita injin bincikenta, aikin da sai wanda ya saba.

Kuɗin Koha ba na sayenta ba ne, na mutum ne. A kan Linux take zama, wato tsarin sarrafa kwamfuta da ba Windows ba, Debian ko Ubuntu, girkawa da gyara kuma da buga umarni ake yin su. Fuskar shigar da littafi cike take da lambobi, 100 marubuci, 245 sunan littafi, 264 maɗaba'a, kowace da 'ya'yanta. Ana iya rage su, amma sai an samu mai ragewa. Rabin ƙarfinta kuma a kan ba da aro yake: katin mai karatu, ranar dawowa, tara, rassa da yawa. Laburaren gidan tarihi da ba ya barin littafi ya fita ƙofa ba zai taɓa waɗannan ba. Ni dai ban ga hikimar ɗora Koha a kan kwamfuta guda a ɗakin da ma'aikacinsa ɗaya ne ba. Amma in wata jami'a ta yarda ta riƙe muku ita a na'urarta, ta Ngaundare ko ta Marwa da aka kafa a 2008 ko sabuwar ta Garwa ko ta Njamena, ku kuna shiga ta intanet kuna zuba bayanai, to magana ta sauya, Koha ta zama zaɓi mai kyau. A rubuta yarjejeniya a takarda cewa bayanan naku ne, kuma za a ba ku kwafi duk lokacin da kuka nema.

Wasu za su ambaci WinISIS ta UNESCO, wadda ta yi wa cibiyoyin Afirka hidima shekara da shekaru. Zamaninta ya wuce, ba ta tashi kai tsaye a sababbin Windows. Wanda ke da tsofaffin bayanai a ciki ya fitar da su a sigar ISO 2709 tun kwamfutar tana numfashi. Masu zama a intanet kacokan irin TinyCat kuma ana biyan su a kai a kai da katin banki, ranar da babu sadarwa babu fihirisa.

Maganar wuta ta shafi PMB da Koha fiye da jadawali. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogara da madatsar Lagdo da ke kan Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, kuma in ruwa ya ja baya a ƙarshen rani rabon wuta ake yi, daidai lokacin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40. Ɗaukewar wuta farat ɗaya tana iya lalata rumbun bayanan da ake cikin rubutawa. Saboda haka kwamfutar tafi-da-gidanka mai lafiyayyen batir ta fi babbar ta tebur dacewa da wannan aiki, ko da ta tebur ce aka bayar kyauta. A rufe ta da ƙyalle lokacin hunturu.

Rubutun hannu kuwa, babu ɗaya cikin ukun da aka ƙera dominsa. Ranar da na fara buɗe gafaka, na juya tadarishin gaba da baya ban ga suna ba, sai na tambayi dattijon da ke riƙe da makullin ɗakin, "Allah ya gafarta Malam, wannan mene ne sunansa?" Ya ce, "Ɗana, irin waɗannan ba a bango ake neman sunansu ba. Karanta abin da ya biyo bayan Bisimilla da salati, sannan ka duba ƙarshe inda mai kwafa ya ce ya gama." Haka aikin yake. Warƙoƙi ne a sake ba ɗinki, abin da ke riƙe jerinsu shi ne kalmar da ake rubutawa a ƙasan shafi, wadda za ta buɗe shafi na gaba. Gafaka guda tana iya ɗaukar littafi biyar da wasiƙa da laƙani. Gurabe na dabam suke so: farkon nassi, ƙarshensa, sunan mai kwafa ban da na mawallafi, yawan warƙa, tsawo da faɗi, launin tawada, harshe, ko Larabci ne ko ajamin Hausa ko na Fulatanci, da shekarar Hijira a gurbinta ita kaɗai. A nan jadawali ya fi sauran sakin jiki, PMB na biye da shi saboda gurabenta na ƙirƙira. Don ajami ya fito da kamarsa a allo akwai salon haruffa na kyauta da cibiyar SIL ta fitar, Alkalami mai bin rubutun Kano, da Harmattan. Kuma waɗannan kayan tarihi ne kafin su zama abin karatu: lambarsu daga rajistar gidan tarihi za ta fito, irin mai kashi uku, shekara da tarin da suka shigo tare da lambar abu, misali 2024.3.12. Kada a buga musu hatimi, kada gam ko salatef ya taɓa su. A rubuta lambar da fensir a 'yar takarda a saka a ciki.

Akwai zaɓi na gefe da ke tasowa a mako na farko, wato yadda za a jera littattafan a kanta. Tsarin Dewey na raba littattafai da lambobi bisa fanni, wanda ya fito a 1876, shi aka fi sani, amma ya matse Musulunci gaba ɗaya a lamba 297, alhali a ɗakunanmu shi ne rabin kaya. Ya kuma bi iyakokin da Turawa suka shata: tarihin Kamaru 967.11, Chadi 967.43, Nijeriya 966.9. Ke nan littafi a kan Yola da littafi a kan Garwa, labarin Adamawa guda tun tutar Modibbo Adama, kogi guda, za su kwana a kanta dabam-dabam. In masu karatu ba su shiga tsakanin kantoci da kansu, sai dai su nema a ɗauko musu, to jerawa bisa lambar shiga da girman littafi ya wadatar, ya fi sauri, ya kuma fi tattalin wuri. Fihirisa ce za ta haɗa Yola da Garwa. Littattafan addini kuma mun bar su a jerin da malamai suka saba da shi, Alƙur'ani da tafsiri, hadisi, fiƙihu, tauhidi, nahawu da lugga, madahu, kowanne da harafinsa a gaban lamba.

Abin da nake gaya wa masu tambayata ke nan. In littattafanku ba su haura 2,000 ba, galibinsu sai an buga da hannu, ma'aikaci ɗaya ne kuma ba tabbas zai daɗe, ku tsaya a rajista da jadawali. In akwai mujallu da yawa, Faransanci ya rinjaya, akwai kuma ma'aikaci mai albashi da ya karanci aikin, PMB ta fi dacewa da ku. Koha sai da jami'a ko wata babbar cibiya a bayanku, ko in gidajen tarihi da yawa za su haɗa fihirisa guda. Farawa da jadawali kuma ba ya rufe ƙofa, muddin an tsara shi da niyyar ƙaura: bayani ɗaya a gurbi ɗaya, shekara da alƙaluma kawai, marubuci na biyu a gurbinsa, harshe a gurbinsa, kada a haɗe gidaje don ado. Akwai manhaja ta kyauta mai suna MarcEdit da ke juya irin wannan jadawali zuwa MARC, daga nan PMB ko Koha su karɓa.

Mu a wancan ɗakin da LibreOffice muka fara. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka duk ranar Alhamis ana kwafe fayil ɗin a filashi biyu, ɗaya ya kwana a gidan sakataren kwamiti, duk littafi 200 da aka ƙara kuma a buga shafukan a takarda a soke su a fayil. Mujallun ne suka fara yi mana nauyi. A wata mai zuwa za mu zuba littafi 50 na farko cikin PMB a wata kwamfutar aro, mu nemi Fort-Lamy mu ga ko za ta kai mu Njamena, mu duba ko ƙ da ɗ da Larabcin sun iso lafiya. In sun iso, sauran su biyo baya.